Tarakta, Injin Hannu ko Garmar Shanu: Zaɓen Na'urar Aiki da Kiyaye Ta a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda mutum, ko ƙungiya, ko hukuma, za su zaɓi na'urar da ta dace da ƙasarsu, da kuma yadda za su kiyaye ta bayan sun saya. Na ɗauki ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ta zama misali saboda a cikin wannan ɗan yanki an haɗa kusan kowane irin noma da ake yi a Arewa. Akwai tudun masara da dawa da waken soya, akwai fadamun rake na Maƙarfi inda ake dafa mazarƙwaila, akwai lambunan tumatir da barkono waɗanda saboda su ne aka kafa masana'antar tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980, sa'an nan ga gonakin inabi da suka yaɗu a wajajen Hunƙuyi. Na'urori uku ne ke gaban manomin wannan yanki, watau babbar tarakta mai ƙafa huɗu wadda ake hawa, da ƙaramin inji mai ƙafa biyu wanda ake riƙe da hannu ana bin sa a baya, da kuma garmar shanu. A ƙarshe zan taɓo injinan yankan ciyawa, domin na san a cikinku akwai waɗanda takardar sayensu za ta biyo ta kan teburinsu.

Bari mu fara da ɗan tarihi, don wannan gardama ta girme mu duka. A wajen 1928 ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, tana ba su rancen bijimai da garma ta hannun En'e, su riƙa biya sannu a hankali. Da 'yan mutane ƙalilan aka fara, amma kafin tsakiyar shekarun 1960 masu wannan noma sun kai dubbai. Garmar da ta karɓu ita ce Emcot, mai fikafikai biyu, wadda ke ta da kunya a tafiya ɗaya, kuma har yau siffarta maƙeranmu ke kwaikwayo. Ita kuwa tarakta ta shigo da ƙarfinta ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 aka buɗe babban shirin noma da inji a Mokwa, aka share daji, aka zaunar da manoma, amma zuwa 1954 kamfanin Ingila da ke cikin shirin ya janye hannunsa. Dalilai suna da yawa, sai dai guda ɗaya ya fi shafarmu: tarakta tana kafce fili mai faɗi cikin kwana kaɗan, alhali kuwa firi da maimai da girbi suna nan a hannun mutum da fartanyarsa. Iyalin da aka kafce wa gonar da ta fi ƙarfin hannuwansu, ciyawa ce ta gāje ta. A daidai wannan zamani shirin gyaɗa na Tanganyika, wanda aka fara a 1947, ya cinye miliyoyin fam kafin a rufe shi a 1951.

Duk da haka ba a daddara ba. Da kuɗin man fetur suka samu, aka yi shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin Juyin Noma na 1980, aka kafa wuraren harhaɗa tarakta, Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, jihohi kuma suka buɗe sassan ba da hayar tarakta. Waɗancan masana'antu ba su ɗore da wannan aiki ba, kuma bayan karyewar darajar naira daga 1986 kayan gyara suka yi tsada. Wanda ya taɓa leƙa harabar tsohon ofishin gona a garuruwanmu ya ga sauran labarin da idonsa: gawarwakin inji a jere, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Galibinsu ba tsufa ya kashe su ba. Wata famfon mai ne ya lalace, wata boris guda ne, aka ce a jira kuɗin baɗi, aka yi ta kwance mata sassa ana gyara 'yar'uwarta har ita ma ta bi sahu.

To, mene ne ya kamata mai zaɓe ya fara dubawa? Yawancinmu ƙarfin doki muke tambaya, sa'an nan farashi. Ni kuwa a ganina tambayar farko ita ce tsawon gonar, domin inji ba ya aiki sai yana tafiya miƙe, duk lokacin da ya ɓata wajen juyawa asara ce. Ga lissafin, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta shi. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ta cika ƙasar nan, idan tana jan garma mai faifai uku tana yanka faɗin kusan santimita 80. In tana tafiyar kilomita 5 a awa, to a awa guda za ta kafce murabba'in mita 4,000, watau kusan eka ɗaya ke nan, in da ba ta tsayawa. Amma dole ta tsaya, ta ɗaga garma, ta kewayo, ta sāke ta. Mu ɗauka kowane juyi yana cin daƙiƙa 30. A gona mai tsawon mita 400, tafiya daga gefe zuwa gefe tana ɗaukar kusan minti biyar, saboda haka juyi bai ci ko kashi ɗaya cikin goma na lokacin ba. A gona mai tsawon mita 50 kuwa, tafiyar daƙiƙa 36 ce kacal, ga juyi na daƙiƙa 30, ashe kusan rabin ranar direba da rabin man da aka zuba sun tafi a kewaye-kewaye. Ban da wannan, tarakta tana bukatar filin juyawa na mita biyar ko fiye a kowane gefe, wanda a ƙaramar gona kashi ɗaya ne cikin biyar na tsawonta, kuma wurin yakan daddanne ya yi tauri. In maƙwabci ya riga ya yi shuka, sai dai a taka masa, daga nan kuma magana ta koma gaban mai unguwa.

Wannan lissafi shi ke bayyana abin da manoma ke kuka da shi kowace shekara, cewa direban haya ya karɓi kuɗin ƙananan manoma ya tafi gonar alhaji. Son kai yana ciki, ban musa ba, amma ko direban waliyyi ne lissafin ba zai sāke ba. Gonakinmu kuwa kullum ƙara tsagewa suke yi ta hanyar rabon gado. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ne a kansa, kowa da 'yar kadadarsa da iyakarta, ga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro a tsakiya waɗanda ba mai yarda a sare, kuma da gaskiyarsu.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta shafi kwanaki. Ruwan shekara a ƙasar Zazzau yakan kai kimanin milimita 1,000, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, amma lokacin da ƙasa ta jiƙa har garma ta shige ta kuma shuka ba ta makara ba, makonni biyar ne ko shida. Ko da tarakta ta yi awa goma kullum har kwana arba'in, awa 400 ta samu. Masu lissafin inji kuwa suna gina ribar tarakta a kan kimanin awa 1,000 a shekara har shekara goma. Kuɗin sayenta da kuɗin ruwan banki ba su san damina da rani ba, suna tafiya ko tana aiki ko tana kwance. In an raba su a kan awa 1,000 kowace awa ta ɗauki kaso ɗaya, in an raba a kan awa 400 kowace awa ta ɗauki kaso biyu da rabi. Don haka duk wanda zai sayi tarakta a wannan yanki, tun kafin ya biya kuɗi ya kamata ya san inda sauran awa 600 za su fito: jigilar rake daga fadama da tirela, da kai taki gona da bazara, da juya injin casar masara da kaka, da gyaran filin lambu bayan ɗaukewar ruwa. Wasu masu tarakta sukan fara aiki daga kudu inda ruwa ke sauka da wuri, su biyo damina har zuwa arewa. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, ya gina sana'arsa a kan wannan matsala, watau tattara bukatun ƙananan manoman da ke kusa da juna ta hannun wakili da wayar hannu, yadda tarakta za ta zo ƙauye sau ɗaya ta tarar da aikin yini cur. Wannan abu ne da ƙungiyar manoma a Paki ko Gubuci ko Likoro za ta iya yi da littafi da biro, in an sami amana.

Akwai kuma batun irin shukar. A 1966 da 1967 masanin tattalin arzikin noma David Norman, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗanmahawayi, ya tarar mafi yawan ƙasar da suke nomawa shuka ce a gauraye, gero da dawa da wake a gona guda, kuma ya nuna cewa hikima ce, domin tana rage hasara a shekarar da ruwa ya yi gardama. Masara da takin zamani sun sauya abubuwa da yawa tun daga lokacin, amma gaurayen bai ƙare ba. Tarakta, da zarar an yi shuka irin wannan, ba ta da sauran shiga gonar sai baɗi.

Yanzu ga garmar shanu, wadda wasu ma'aikata ke jin kunyar rubuta sunanta a cikin tsarin raya ƙasa. Bijimai biyu masu lafiya ƙarfinsu bai wuce na doki ɗaya ba in ana maganar aiki mai ɗorewa, kuma sā yana iya jan kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa na tsawon awa huɗu ko biyar, daga asuba zuwa hantsi. A wannan lokaci sukan yi huɗar eka ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Ƙaramin aiki ne in an gwada da tarakta. Amma suna juyawa a wuri ƙanƙane, suna ratsa tsakanin itatuwa, suna komawa gonar bayan shuka ta tashi su yi mata ban ƙasa, wanda shi ne aikin da ya kayar da Mokwa. Da rani suna jan amalanke, suna ba da taki. Haƙorin garma in ya cinye, maƙerin kasuwa zai ƙera wani da tsohon sifirin mota kafin la'asar. Abin da ya fi duka, tarakta tun ranar da aka saye ta darajarta ke raguwa, shi kuwa bijimin da aka saya yana ɗan shekara uku, aka yi damina uku ko huɗu da shi, yawanci an fi sayar da shi da tsada saboda ya ƙara nama.

Kada dai a ɗauka ba su da nasu haɗari. Annobar bushiya ta 1983 ta kashe shanu masu yawa a ƙasar nan, ko da yake an sanar da kawar da cutar daga duniya a 2011. Ciwon huhu da ciwon hanta da sammore suna nan, su ma ɓarayin shanu sun sa mutane da yawa a Arewa maso Yamma sun sayar da bijimansu don dole. Babban aibin da ke hannunmu kuwa shi ne yunwar bazara. Lokacin da ake bukatar ƙarfin sā, watau farkon damina, shi ne daidai lokacin da ya fi rama, bayan wata shida yana cin kara. Kiyaye wannan na'ura yana farawa ne tun da kaka, da tanadin harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, da kowa, da dusa, da anguryar auduga, da kanwa, a riƙa ƙara musu abinci makonni kaɗan kafin saukar ruwa. A duba karkiya kada ta yi kaushi ta ji musu ciwo a wuya, domin sā mai gyambo a doro ya tashi daga aiki a wannan damina.

Tsakanin waɗannan biyu ne injin hannu ya shigo, mai ƙarfin doki 8 zuwa 15, galibi mai silinda guda, ƙirar Sin ko Indiya. A ƙasashen Asiya shi ne ya yi abin da babbar tarakta ta kasa. A Bangaladash, inda gonaki suka fi namu ƙanƙanta, gwamnati ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injina a ƙarshen shekarun 1980, daga baya kuma suka karɓe mafi yawan kaftun ƙasar daga hannun shanu. Sirrinsa yana ga hannuwansa biyu. Kowane hannu yana da ɗan kuloci, in ka matse na hagu ƙafar hagu ta daina ja, ta dama ta ci gaba, sai injin ya kewaya kusan a inda yake tsaye. Saboda haka ne ya dace da fangalin tumatir da albasa, da fadamar da tarakta za ta kafe a cikinta, da tsakanin layukan inabi inda ginshiƙai da waya suka hana babbar mota shiga. In an kwance masa garma, bel ɗinsa zai juya famfon ban ruwa ko injin casa, in an ɗaura masa ƙaramar tirela ya kwashe kwandunan tumatir zuwa bakin titi.

Mai saye ya san abu uku game da shi. Na farko, wahala ce. Injin da ke kafce faɗin santimita 60, kafin ya gama hekta guda mai bin sa ya taka fiye da kilomita 16, yana kokawa da ƙarfe mai girgiza. Na biyu, ba ya son busasshiyar ƙasa mai tauri ko sabon fili mai kututture, haƙoransa kakkaryewa suke yi. Na uku ya shafi rai: a kan gangare, musamman da kaya a tirela, kulocin nan yakan yi aiki a juye, ka matse hagu injin ya zabura dama, domin nauyi ne ke tura shi a lokacin. Akwai kuma wani aibi da ya haɗa shi da haron tarakta. Ƙasar tudu ta wannan yanki mai laushi ce, in aka niƙe ta ta zama gari, ruwan farko mai ƙarfi sai ya daddaɓe samanta ta yi ɓawo, tsiro ya kasa hudowa, ruwa ya gudu da taki zuwa kwari. Gona ta yi luƙui tana da kyau a ido, amma sau biyu na haro inda sau ɗaya ya isa ɓarnar mai ce da ɓarnar ƙasa.

In aka tambaye ni hukunci, ga shi. Mai eka biyar zuwa goma sha biyu a tudu, shanu ne nasa. Mai lambu da fadama wanda ke aiki rani da damina, injin hannu zai mayar masa da kuɗinsa. Tarakta ta mai babbar gona ce a dunƙule, ko ɗan kasuwar da zai mai da ita sana'a, ko ƙungiyar da ta iya jera gonakinta a kafce su a tafiya ɗaya. Kuma ko wace iri za a saya, a fara zagaya kasuwar kayan gyara ta Zariya da ta Kano a tambayi filtarta da bel ɗinta da nozul ɗinta. In masu shaguna suka ce ba su taɓa jin sunanta ba, a bar ta ko da rabin kuɗi ce, ko da kyauta ce daga wata ƙasa.

Mu juya ga kiyayewa. Maƙiyan injin dizal a ƙasarmu uku ne: ƙura, da gurɓataccen mai, da zafi. Ƙura ita ce babba. Inji yana shaƙar iska ninki dubbai na man da yake sha, kuma ƙurar bazara da ta hunturu in ta wuce filta takan gauraya da baƙin mai ta zama kamar dutsen wāshi, ta cinye ringi da silinda. Alamarta ita ce shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai. A lokacin kaftu filtar iska ta kowace safiya ce. In irin mai kwanon mai ce a ƙasa, a zubar da laka a sāke mai. In ta takarda ce, kada a buga ta a jikin taya kamar yadda aka saba gani, domin 'yar tsaga da ido ba ya gani ta isa ta kashe inji a damina guda.

Man dizal kuwa, famfo da nozul da ke fesa shi an ƙera su ne da matsi wanda ya fi silin gashi siranta, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi yana lalata su, kuma gyaransu na cikin mafi tsada a jikin tarakta. In an kawo mai a duro a bar shi ya kwana ya kwanta, a ɗebo daga sama, a tace. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, saboda tankin da ya kwana rabi iska ce a cikinsa, sanyin dare kuma yana mai da laimarta ruwa. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan kofi da ke tara wannan ruwa, a zubar da shi da safe. Kada a bari mai ya ƙare ƙaf a tanki, don iska za ta shiga bututu sai an yi aikin fitar da ita.

Game da zafi akwai wata al'ada da nake son ɗaliban injiniya su yaƙa. Da zarar inji ya fara zafi, sai bakanike ya cire ɗan murfin nan da ke cikin hanyar ruwa wanda ke buɗewa in inji ya ɗumama, ya ce na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya riƙe inji a daidai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in babu shi inji yakan daɗe da sanyi, ya ƙi ƙone mai sosai, ya ci kansa. Ainihin ciwon yawanci yana ga lagireto da ƙaiƙayi ya toshe, ko bel ɗin fanka da ya saki, ko ruwan kududdufi da aka daɗe ana ɗurawa har laka ta cika bututu. Baƙin mai a sāke shi bisa awoyin da littafin injin ya faɗa, wanda ga yawancin taraktoci wajen awa 250 ne, ga ƙananan injina kuwa wajen awa 100, tare da filtarsa. Wannan yana nufin agogon awa ya kasance yana aiki, kuma akwai littafi a hannun direba. A wurin hukuma littafin nan ya fi makulli muhimmanci, domin shi kaɗai ke nuna ko awoyin da injin ya yi sun yi daidai da kuɗin hayar da suka shiga baitulmali. Shawarata ga shugabannin sassa ita ce inji ɗaya direba ɗaya, kuma a ware kuɗin gyara a cikin takardar da aka sayi injin da ita, kada a bar shi ga rahamar kasafin baɗi.

Giris a kowace gaɓa, musamman boris ɗin faifan garma, abu ne na minti goma. Iskar tayar baya ta aikin gona kaɗan ce, in an cika ta kamar ta babbar mota taya sai ta yi ta sulɓi tana cin mai. Da an gama aikin shekara a wanke inji, a shafa wa faifai tsohon mai, a cire batir, a sa shi a inuwa a ɗaga shi bisa katako, a toshe bakin salansa. Gyaran da ake bukata a yi shi a watan Janairu, lokacin da bakanike ba shi da layi.

Ba zan wuce ba sai na yi maganar rai. Sandar da ke fitowa daga bayan tarakta tana juya injin casa tana kewayawa sau 540 a minti, watau sau tara a daƙiƙa guda. In ta kama bakin riga ko rawani ko gyale, babu wanda ya isa ya kai hannu ga makulli kafin ta gama ɓarna. A bar mata murfinta, mai aiki kusa da ita ya tuɓe babbar riga. In za a ja kututture ko motar da ta kafe, a ɗaura sarƙa a ƙasa, a wurin da aka tanada, domin in an ɗaura sama da gatarin baya tarakta takan ɗaga kai ta kife a kan direbanta. Birkinta biyu ne, na hagu da na dama, don taimakon juyawa a gona, amma in za a hau titi a haɗe su da sakatarsu. Yaran da ake ɗorawa a kan murfin taya ranar kasuwa kuwa, wannan kowa ya san ƙarshensa.

Saura injin yankan ciyawa, wanda makarantu da asibitoci da sakatariyoyi kan nema don filin ƙwallo da harabar ofis. Iri biyu ne ake hawa. Ɗaya kamar 'yar tarakta take, da sitiyari, inji a gaba, wuƙaƙe a ƙarƙashin ciki. Ɗayan, wanda ya fito a Amurka a shekarun 1960, ba shi da sitiyari sai sanduna biyu, kowace tana sarrafa ƙafar baya guda ta hanyar famfon mai, in ka tura ɗaya gaba ka ja ɗaya baya sai ya juya a kan kansa ba tare da ya bar ko tafin hannu na ciyawa ba. Kun ga ashe maganar juyawar nan ce ta sāke dawowa. A fili mai itatuwa da kwalbatoci da gadajen fure, mai sanduna ya fi sauri nesa ba kusa ba. Amma ya fi tsada, ƙafafunsa na gaba sakakku ne don haka yana zamewa a gangare da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma in famfon ƙafa guda ya mutu ba kowane bakanike ne zai iya buɗe shi ba. Mai sitiyari ya fi jinkiri, ya fi sauƙin koyo da gyara, yana kuma jan 'yar tirela. Dukansu an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da ake yanka kowane mako. Filin makarantar da aka bari tun hutun Yuli, gamba da tofa sun kai ƙugu, ga duwatsu da gidan gara da guntun bulo a ɓoye, zai karya wuƙa ya tsinke bel a yinin farko. Yawancinsu kuma fetur suke sha, wanda tun janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 ya zama abin lissafi a kowane ofis.

Inda aka riga aka saya, a tsince filin kafin a shiga, a yanka tun ciyawa tana gajera, a wāsa wuƙaƙe a daidaita nauyin gefensu biyu don kada girgiza ta ci boris, a kankare ɗanyar ciyawar da ke manne a ƙarƙashi saboda tsatsa, kuma a ƙarar da fetur ɗin tanki kafin ajiyar rani, don wanda ya kwana wata shida yakan daskare ya toshe kafireto. Inda ba a saya ba tukuna, a tuna cewa ciyawarmu wata biyar take tsirowa. Babbar wuƙar da ake ɗaura wa tarakta a baya za ta share filayen makarantun gunduma guda a watan Agusta da Satumba, daidai lokacin da taraktar ƙaramar hukuma ta gama kaftu tana zaune ba aiki, ta kuma ƙara mata awoyin da muka ce tana nema. A wurare da yawa ma, masu kiwon tumaki da masu bijiman huɗa za su zo da laujensu su yanke ta su kwashe, in shugaban makaranta ya yi musu izini ya kuma sa musu rana.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.